'Yar Ja da Hannun Hagun Baba

Jama'a, na ga saƙonninku, kuma wallahi wasunku ba ku da dama. Wata ta rubuto min wai, "Ke dai kin cika jan aji, namiji irin wannan ake yi wa yanga?" Wata kuma ta rantse akwai wanda na ɓoye a zuciya. To ku gyara zama, yau zan fasa ƙwan kowa ya huta. Babu wani namijin da ya hana ni ba Dogo amsa. Mota ce. E, mota, kuma irin wadda in kun gan ta a titi dariya za ku yi.

Ga waɗanda yau suka fara leƙowa: ni ce ƙarama a gidanmu, Auta kowa ke kirana, ina koyarwa a makarantar firamare. Dogo kuwa likitan haƙori ne, ni na laƙaba masa sunan saboda duk ƙofar da ya zo shiga a gidanmu sai ya sunkuya. Ranar da na raka Umma cire haƙori muka haɗu, ita tana nishi da auduga a baki, shi yana ta tambayata ko ni ma ba zan zauna ya duba nawa ba. Ina son sa. Ku rubuta ku ajiye, ina son sa sosai. Matsalar ita ce an ba shi babban aiki a wani gari mai nisa, tafiyar yini guda, kuma ya ce ba ya so ya tafi shi kaɗai.

Ranar Juma'a da yamma ina ɗakina ina guga, Umma ta shigo da kwandon wanki ta zauna a bakin gado. In Umma ta zo ninke kaya a ɗakina, to ba ninkin ne ya kawo ta ba.

"Auta, yaron nan fa ya sake kirana."

"Gaishe ki ya yi ai, Umma."

"Gaisuwa safe da rana da yamma? Ni zai aura?" Ta karkaɗe zanin gado da ƙarfi. "Tun daminar bara yake sintiri a ƙofar gidan nan. Ya yi miki wani laifi?"

"A'a."

"Kin ga wani aibu a danginsa?"

"A'a, Umma."

"To mene ne? Kullum 'bari in yi tunani', sai ka ce mai shirin sayen jirgin sama."

Na ci gaba da bin kalmasar mayafina ruwan toka da dutsen guga, wurin da na riga na goge tun ɗazu. Can na ce, "In na tafi, wa zai riƙa fita da Baba?"

Ta ajiye rigar da ke hannunta ta dube ni. "Au. Wannan akwatin ashanar ce za ta hana ki aure?"

Ta kwashi kwandonta ta fita, rabin kayan ba a ninke ba.

Bari in gabatar muku da akwatin ashanar. Sunanta 'Yar Ja. Tsohuwar motar tsere ce mai ƙofa biyu da kujera biyu, gajeriya, in ka zauna a ciki kamar a tabarma kake. Baba malamin koyar da tuƙi ne, rabin direbobin unguwarmu ta hannunsa suka bi. A bayan wani gareji ya tsince ta, kaji na kwana a cikinta, ya jawo ta gida ya tayar da ita da hannunsa. Injinta ɗan mitsitsi ne. Yayana, wanda ba ya hawa mota sai ƙatuwa, cewa yake injin markaɗen maƙwabta ya fi ta ƙarfi. Baba dai murmushi kawai yake yi. A cikinta ya koya min tuƙi, ni kaɗai a cikin 'ya'yansa na ɗauko ƙulafucin, har abokansa kan ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Shekarar da ta wuce waccan hawan jini ya kayar da Baba a banɗaki. Ya tashi ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana kuma ta ɗauke. Mutumin da ke cika gida da surutu ya koma ya juya wa bango fuska, abinci ma sai an yi ta lallashi. Wata safiya na fita in ɗumama injin 'Yar Ja don kada batir ya mutu, sai na ji ana buga ƙofar ɗakinsa da sanda kamar za a ɓalla ta. Ni da Umma muka ciccibe shi muka sa a kujerar gefen direba, na ɗaura masa bel, na ja muka fita.

Da muka miƙe layinmu, injin ya fara neman giya ta biyu. Na taka kulochi, na kai hannu zan canza, sai na ji hannu a wurin. Hannun hagun Baba ne, wanda ciwon ya bar masa. Ya tura giyar ta shige sumul, ko ƙara babu. Na juya na dube shi, shi kuwa hanya yake kallo, haɓarsa a ɗage, kamar yadda yake zama da ɗalibansa.

Tun daga ranar, haka muke tuƙi duk safiya kafin in tafi makaranta. Nawa sitiyari da ƙafa, nasa giya. Yana da zoben azurfa a yatsa, in ya ƙwanƙwasa shi a kan sandar giya, ƙwas, sai in taka kulochi ya canza. Muna bin tsohuwar hanyar madatsar ruwa, mai kwana-kwana da hawa da gangara. Ku yarda ko kar ku yarda, hira muke yi. In sun yi faɗa da Umma kan gishiri a abinci, ina ganewa daga yadda yake fizgar giyar. In yana cikin nishaɗi sai ya ƙi ƙwanƙwasawa da wuri, ya bar injin ya yi ta waƙa har sai na ce, "Haba Baba, za ta fashe!" ya yi dariyarsa ta gefen baki ɗaya. Ranar da na fara ba shi labarin Dogo, ƙwas ya yi, ya mayar da mu giya ta biyu a miƙaƙƙiyar hanya, muka riƙa rarrafe, nufinsa in ba shi labarin duka kar in rage.

Yaya ya taɓa gwadawa sau ɗaya. Cikinsa ya tokare sitiyari, ƙafarsa ta saba da otomatik, ya kasa jiran zoben, suka dawo kowa na huci. Tsofaffin ɗaliban Baba ma sun zo, amma kallon tausayin da suke masa ya sa ya ƙi fitowa. Saura ni. Kuma ban taɓa faɗa wa Dogo yadda abin yake ba, na dai ce ina fita da Baba shan iska, don gani nake sirrin Baba ne, ba nawa ba.

Bayan Umma ta fita, wayata ta yi ƙara. Saƙon Dogo ne.

"Gobe da safe ku jira ni kafin ku fita da Baba. Ina da abin mamaki."

Na rubuta: "Ba na son abin mamakin likitan haƙori."

"Wannan babu allura."

"Haka kuke cewa kullum."

Ya turo min fuskar dariya har jere guda, sannan ya ƙara da: "Na gano abin da ke damunki, Auta. Ki bar min."

Na tashi na ciro doguwar rigata mai ruwan zuma na rataye.

Da safe ya iso cikin farar riga mai gajeren hannu, yana ƙamshin asibiti da turare. Ba tsohuwar motarsa ya zo da ita ba. Wata baƙa ce, doguwa, mai faɗin ƙirji, in tana tsaye ma gurnani take. Yaya ya fito da burushi a baki yana zagaye ta, yana lissafa ƙarfin doki ɗari kaza, yana shafa ta kamar amarya.

Dogo ya durƙusa gaban Baba ya gaishe shi, sannan ya ce, "Baba, na ga kuna wahala a waccan ƙaramar. Wannan taka ce. In Allah ya sa Auta ta amince muka tafi, zan bar ta a nan da direba, ya riƙa fita da kai duk inda kake so."

Umma ta hau sa albarka. Ni kuwa na sunkuyar da kai. Ta yaya zan ce wa mutum a gaban iyayena, yana wannan murmushin, cewa ya yi kuskure?

Muka shiga. Dogo a sitiyari, Baba a gefensa, ni a baya. Kujerun fata ne masu laushi, sanyi na busowa, ba ka jin komai na waje. Da muka hau babban titi ya ɗan taɓa totur, kaina ya bugi kujera, kafin in ce wayyo mun iso mahaɗa ya taka birki. Ba zan yi muku ƙarya ba, abin da ban tsoro da ban sha'awa. Sai dai da muka shiga hanyar madatsa, motar ta cika hanyar fam, kowace kwana sai ya rage gudu ya lallaɓa da ita.

Ni idona na kan hannun Baba. Na ga ya taso a hankali yana lalube a tsakanin kujerun, ya sami wani ɗan guntun maɓalli inda giya ya kamata ta kasance. Ya ƙwanƙwasa zobensa. Ƙwas.

"Baba, sanyin ya yi yawa ne?" Dogo ya rage na'urar.

Aka jima kaɗan, muka tunkari hawa. Ƙwas.

"Ko rediyo kake so?" Ya kunna masa labarai.

Baba ya janye hannun ya ɗora a cinyarsa, kusa da ɗaya hannun da ba ya motsi. Ya jingina kai ya rufe ido. Dogo ya dube ni ta madubi, fuskarsa fal murna, ya raɗa min, "Kin gani? Daɗi har ya sa shi barci."

Ba barci yake ba. Na san barcin ubana. A 'Yar Ja shi direba ne, a nan kuwa an mayar da shi majinyacin da ake zagayawa da shi. Na cusa fuska cikin mayafi don kada a ga hawayena.

Da muka dawo aka shigar da Baba ɗaki, na ɗauko makullin 'Yar Ja na ce wa Dogo, "Zo mu je."

"A wannan? Ina zan sa ƙafafuna?"

"Ka ninke su."

Jama'a, da kun ga shigarsa. Gwiwoyinsa sun kusa taɓa haɓarsa, kansa na gogar rufi. Na ja muka koma hanyar madatsa. A kwanar farko ban taɓa birki ba, na sauke giya na murza sitiyari, 'Yar Ja ta lafe a ƙasa ta zagaye kamar kyanwa ta bi gindin bango. Dogo ya riƙe ƙofa da hannu biyu yana salati.

"Auta, rage gudu, don Allah!"

"Dubi agogon gudun."

Ya leƙa. Ya sake leƙawa. "Wannan agogon ya lalace."

"Lafiyarsa lau. Ko rabin gudun da ka yi ɗazu ba mu kai ba."

"To me ya sa nake ji kamar muna tashi sama?"

"Saboda duk abin da take da shi ta ba ka. Taka kuwa kamar rigar aro ce da ta fi ƙarfinka, rabinta a ƙasa kake ja."

"Ke dai ki faɗi gaskiya, ƙarfi ma daɗi ne. Na ga idonki ɗazu da na taka."

"Daɗi ne mana. Amma kafin ka gama murmushi ka iso bayan tirela."

Ya yi dariya har kansa ya bugi rufi. Sai na ce, "Kawo hannunka na hagu. Ɗora a nan. In ka ji injin ya fara kuka, ka ƙwanƙwasa, ni zan taka kulochi, kai kuma ka ja baya."

Na farko ya ja kafin in taka, giyar ta yi ƙara kamar ana yaga ƙarfe. Na biyu ya kai mu ta biyar maimakon ta uku, motar ta riƙa tari. A wata doguwar kwana kusa da ruwa ya dace. Ya ƙwanƙwasa da farce, na taka, ya tura, ta shige, muka fita daga kwanar tare kamar mutum ɗaya ne ke tuƙin. Ya yi ihu irin na yara, "Kin ji? Kin ji? Ni na yi!"

Sai ya dakata. Ya dubi hannunsa a kan giyar, ya daɗe yana kallo.

"Haka kuke yi da Baba?"

"Kullum."

"Ƙwanƙwasawar nan da ya yi ɗazu..."

Na gyaɗa kai.

"Innalillahi. Ni kuma na kunna masa rediyo." Ya rufe fuska da ɗaya hannun. Na tsaya a gefen hanya na kashe injin. Ban taɓa ganin namiji ya ji kunyar alherin da ya yi haka ba, kuma a wannan lokacin son sa ya ƙara kama ni har na ji tsoro.

Muka koma muka tsaya a tsakar gidanmu, daidai tagar Baba. Ya fito yana miƙe ƙafafu, ya ce, "Zan rubuta musu in ce ba zan karɓi aikin ba."

"Kar ka soma. Shekara nawa kana nemansa?"

"To in tafi in bar ki? Ko in ɗauke ki in bar shi da bango? Zaɓi ɗaya, Auta, ni na kasa."

"Ni ma na kasa," na ce.

Labulen tagar ya motsa. Na ji ƙarar sanda a kan siminti tana nisa zuwa cikin ɗaki, daga nan na ji an rufe ƙofa. Yinin ranar Umma ba ta fito daga ɗakin Baba ba sai don ɗora tukunya.

Yau da safe na fito na tarar Baba ya riga ya shirya, da hularsa da agogonsa. Na sa shi a mota, na ɗaura masa bel, na sa giya ta ɗaya muka fita. Muka miƙe layi, injin ya fara kuka. Na kasa kunne. Shiru. Hannunsa na cinyarsa.

"Baba, ta biyu."

Ko motsi.

"Baba, fushi kake da ni? Wallahi ban san zai kawo motar nan ba."

Muka wuce shagon mai gyaran waya, muka wuce famfon unguwa, motar na ihu a giya ta ɗaya, mutane na waiwayenmu. Na ce, "Ba inda zan je, Baba. Na fasa. Ka ji? Na fasa."

Sai ya ɗago hannun. Na yi ajiyar zuciya na taka kulochi. Amma ba giyar ya kama ba, wuyan hannuna ya kama. Ya ɓamɓare shi daga sitiyari ya ɗora a kan sandar giya, ya danne da tafinsa da ƙarfin da ban san yana da saura ba. Sannan ya saki, ya mayar da nasa cinya, ya juya yana kallon taga.

Na canza da kaina. Ta biyu, ta uku. Hanyar ta riƙa narkewa a idona, ina sharewa da gefen mayafi. Har muka je madatsa muka juyo bai ƙwanƙwasa ko sau ɗaya ba. A kwanar ruwa ne kawai, da na fita da ita tsaf, ya ɗan bubbuga bayan hannuna kamar yadda yake yi wa ɗalibin da ya gama koyo.

"To kai fa?" na ce da muka shigo layinmu. "Kai fa, Baba?"

Ya nuna gaba da haɓa.

Umma ce tsaye a ƙofar gida. Ta ɗaure zani tamau, ta ci ɗamara da mayafi, a ƙafarta kuma takalman motsa jikin Yaya ne, sun yi mata yawa har ta cusa tsumma a ciki. Umma, wadda ko keke ba ta taɓa hawa ba. Na tsaya, ta buɗe ƙofata.

"Fito."

"Umma, lafiya?"

"Fito na ce. Wanne ne kulochin a cikin ukun nan?"

"Na hagu. Umma, ke da kike tsoron..."

"Tsoron ya ci gidansu. Da muna sabon aure ya so koya min, ya daka min tsawa, na fita na bar masa motar a tsakiyar titi na rantse ba zan ƙara ba." Ta cusa kanta cikin kujerar tana nishi, ta harari Baba. "Yanzu kuwa sai in ga bakin da zai yi min tsawar."

Baba ya yi dariyar da rabon da in ji irinta tun kafin ya faɗi, har da tari. Na durƙusa na nuna mata birki da totur, na ce filin bayan makaranta kawai za su je, ta ce ta ji, in matsa. Ta tayar, motar ta yi tsalle ta mutu. Ta sake, ta sake mutuwa. A karo na gaba 'Yar Ja ta yi gaba tana tangaɗi, Umma ta rungume sitiyari tana karanto duk addu'ar da ta sani. Ta gilashin baya na hango hannun Baba ya taso ya sauka a tsakanin kujerun.

Suka sha kwana suka bar ni tsaye a titi da jakar hannu. Ina jiyo muryar Umma daga nesa tana cewa, "Na ji, na ji, ai na taka!"

Na daɗe a wurin. Na yi tsammanin sauƙi zan ji, sai na ji wani abu kamar kishi, kamar maraici, duk a haɗe da farin ciki. Na ciro waya na kira Dogo. Bugu ɗaya ya ɗauka.

"Auta? Kuka kike? Me ya sami Baba?"

"Babu komai. Kar ka aika musu da takardar nan."

"Me kike nufi?"

"An kore ni daga aikin direban Baba," na ce, ina dariya ina share hanci. "Ka zo ka ɗauke ni."